Yadda aka yi mini aikin leza bayan man silikon ya tayar mini da hawan jinin ido

Ba da hawan jinin ido matsalata ta fara ba. Tantanin da ke shimfiɗe can bayan ƙwayar ido, wanda likitoci ke kira retina, shi ne ya yage a idona na dama, ya ɓanɓaro daga mazauninsa. Tun ina sakandare nake sa tabarau mai kauri saboda ba na gani daga nesa, kuma ashe masu irin idona sun fi shiga wannan haɗarin, domin ƙwayar idonsu ta fi ta sauran mutane tsawo, tantanin ya miƙe ya yi siriri. Da farko wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo ne suke yawo a gabana, sai walƙiya a gefen ido ko da rana tsaka. Daga nan wani duhu ya taso daga ƙasa yana cin abin da nake kallo. Ina shago a Kantin Kwari ina auna wa wata hajiya shadda, na rufe idon hagu don in gwada, sai na ga rabin hajiyar babu.

Aikin da aka yi mini babba ne. An zuƙe ruwan nan mai yauƙi da ke cike da cikin ido, aka mayar da tantanin wurinsa, sannan aka cika idon da man silikon don ya danne shi har ya kama. Wasu iska ake hura musu maimakon mai. Iskar ita ke bajewa da kanta cikin makonni, sai dai an hana mai ita hawa jirgin sama har ta ƙare. Man kuwa yana nan daram sai an sake shiga an cire shi. Ni mai aka zaɓa mini saboda yagewar tawa ba wuri ɗaya ba ce. Na yi kwanaki ina kwanciya rub da ciki, fuska a ƙasa, wuya kamar zai tsinke, kuma alhamdulillahi tantanin ya kama. Na ɗauka an gama.

A ɗaya daga cikin komawar da nake yi asibiti ne aka gano sabuwar matsala. Kowane zuwa sai an auna ƙarfin ruwan cikin ido: a ɗiga maka wani magani mai ruwan ɗorawa, ka ɗora haɓa a kan na'ura, wani shuɗin haske ya matso har ya taɓa ƙwayar idon ba tare da ka ji komai ba. Lafiyayyen ido yakan nuna tsakanin 10 zuwa 21. Nawa ran nan 34 ya nuna, wato abin da ake kira hawan jinin ido, duk da ruwa ne ke hawa ba jini ba. Abin da ya fi ba ni tsoro daga baya shi ne ba na jin ciwo ko kaɗan. Idon bai yi ja fiye da yadda yake ba, ba hawaye, ba ciwon kai. Da a ce na yanke zuwa asibiti tun da na ji sauƙi, kamar yadda da yawa daga mutanenmu suke yi da zarar an cire bandeji, da ban san komai ba sai jijiyar gani ta gama mutuwa.

Likitan ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma bayaninsa ne ya sa na fahimci duk abin da ya biyo baya. Ya ce in ɗauki gaban ido kamar bahon da famfo ke zuba a cikinsa dare da rana, yana kuma da 'yar magudana da ruwan ke fita. Famfon wani ɗan nama ne da ke zagaye a bayan baƙin ido, shi ke samar da ruwan. Magudanar kuma tana kusurwar da baƙin ido ya haɗu da farin. Muddin shiga da fita sun daidaita, lafiya lau. Idan magudanar ta toshe famfon kuma bai tsaya ba, ruwan zai taru ya matsa wa jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuwa duk zaren da ya mutu a cikinta ba ya dawowa.

A ido irin nawa, in ji shi, abu uku ne ake zargi. Akwai maganin ɗigawa na rage kumburi, mai sinadarin sitirod, wanda dole ne bayan aiki amma yakan tayar da ruwan ido ga wasu mutane. Akwai man kansa, da zai iya turo baƙin ido gaba ya tare hanya. Sannan akwai abin da ya same ni: idan man ya daɗe, yakan farfashe ya zama ƙananan ƙwayoyi, su sulale zuwa gaban ido su cushe magudanar. Ya ɗora mini wani ɗan gilashi mai madubi a kan idon ya leƙa kusurwar, ya ce ga su nan jere ta sama, domin mai ba ya nutsewa a ruwa, tasowa yake yi.

Aka fara da magungunan ɗigawa. Kafin ya rubuta mini timolol sai da ya tambaye ni ko ina da asma ko ciwon zuciya, domin maganin yana iya toshe wa mai asma numfashi duk da a ido ake ɗiga shi. Aka ƙara dorzolamide, mai zafi kamar me, sannan brimonidine, wanda ke busar mini da baki ya sa ni gyangyaɗi a shago. Da suka kasa, aka haɗa da ƙwayar Diamox. Duk wanda ya sha ta ya san halinta: yatsun hannu da na ƙafa suna tsitstsira, fitsari ba ƙaƙƙautawa, lemon kwalba kuma ya koma ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ba magani ba ne da ake so mutum ya daɗe a kansa, musamman mai matsalar ƙoda. Wata nas ce ta koya mini abin da ya kamata a koya wa kowa tun ranar farko: in bar aƙalla minti biyar tsakanin wannan ɗigo da wancan don kada na biyu ya wanke na farko, kuma in rufe ido in danne kusurwarsa ta wajen hanci na ɗan lokaci don kada maganin ya gangara maƙogwaro. Kuɗin magungunan nan kuwa ba a magana. Kwalba 'yar mitsitsiya, wata guda ta ƙare, ga su har uku.

Da lokacin cire man ya yi aka sake shiga aka cire shi, aka wanke gaban idon. Na sa rai ƙwarai a wannan aikin. Lambar ta sauka na ɗan lokaci, sannan ta sake hawa, har ta kai 38 ina kan dukkan magungunan. Likitan ya ce ba a iya kwashe ƙwayoyin man kakaf, kuma magudanar da ta daɗe a cushe takan lalace ko bayan an cire abin da ya cushe ta. Aka sa ni gwajin faɗin gani, wanda za ka cusa kai cikin wata na'ura mai kama da ƙwarya kana danna maɓalli duk lokacin da ka ga ɗigon haske. Takardar da ta fito ta nuna baƙi ya cinye wajen sama da gefen hanci. Nan aka kawo maganar leza, wato aikin da ake yi da wani haske mai ƙarfi.

Ya kamata in tsaya a nan, domin na lura mutane suna jin an ce leza sai su ɗauka abu ɗaya ne, kuma su ɗauka wani abin al'ajabi ne da ke wanke ido tas. Maƙwabcina a kasuwa mai ciwon suga an yi masa leza a tantanin bayan ido don hana jijiyoyin jini marasa kyau tsirowa. Ni kaina an yi mini wata a idon hagu, da aka ga wurare sun yi siriri a tantaninsa: ina zaune, koren haske yana walƙawa, aka kewaye wuraren don kada su yage. A hawan jinin ido kaɗai ma akwai iri-iri. Akwai wadda ake haska magudanar da ita don ta ƙara buɗewa, akwai wadda ake huda ɗan ƙaramin rami a baƙin ido da ita idan hanyar ruwan ce ta tare. Ta farkon ba ta cika amfani a magudanar da mai ya lalata ba, ta biyun kuma ba matsalata ba ce. Wadda aka ce za a yi mini ta uku ce, kuma ta fi su nauyi: tunda mafita ta ƙi, sai a koma kan ɗan naman da ke samar da ruwan, a ƙona wani sashe nasa ta bayan farin ido, don ruwan da ke shigowa ya ragu.

'Yata ta biyu ce ke raka ni asibiti, ita ce mai karatun gidan, kuma ita ta yi tambayoyin da ni na kasa yi. Ta ce, "Likita, me ya sa ba za a yi wa Abba aikin buɗe sabuwar hanya ba, irin wanda aka yi wa yayarsa?" Ya ce wancan aikin yana buƙatar lafiyayyar fatar da ke lulluɓe da farin ido, tawa kuwa ayyuka biyu sun bar mata tabo, hanyar za ta iya rufewa nan da nan. Akwai kuma ɗan bututu da ake dasawa a ido ya riƙa fitar da ruwan, yana aiki sosai a ido irin nawa, amma da tsada, kuma wani babban aikin ne a idon da ya riga ya sha wuƙa. Sai ta yi tambayar da ke cina: "To idan an yi, ganin zai dawo?" Ya dube ni, ba ita ba, ya ce, "Alhaji, abin da ya tafi ya tafi. Wanda ya rage muke so mu tsare maka." Ya kuma lissafa abin da ka iya faruwa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Idon zai yi ciwo da kumburi. Ganin zai iya ɗan ƙara raguwa. Idan aka ƙona da yawa ruwan zai yi ƙasa fiye da kima, idon ya yi laushi har ya motse, kuma wannan ba shi da gyara. Shi ya sa gara a yi kaɗan, in bai isa ba a sake, domin abin da aka ƙona ba a mayar da shi.

Na yi istihara, na yi shawara da uwargida, na sa hannu a takarda.

Ranar aikin mun yi sammako. Aka auna jini da suga, aka sa mini alama a goshi ta saman idon dama, aka tambaye ni sunana da idon da za a yi wa aiki har sau nawa, har na fara jin haushi, kafin na gane dalilin. Ba a sa ni barci ba. Allura ce ake yi a gefen ido, ta ƙasan fatar, maganin ya ratsa har bayan ƙwayar. Duk wanda ya tambaye ni inda ya fi wuya a aikin nan, allurar nan nake ce masa. Ba zafin tsira ba ne sosai, wani nauyi ne da cika, kamar ana tura idon daga baya. Bayan 'yan mintoci idon ya mutu murus, fatar ta sauka, ko juya shi ba na iyawa, ganin ma ya dushe. An riga an gaya mini hakan zai faru, in ba haka ba da na ce makanta ce ta zo.

Aka kwantar da ni, aka rufe fuskata da ƙyalle mai huda ɗaya, aka sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon a buɗe. Abin da ake aikin da shi bai fi alƙalami ba, da igiya ta haɗa shi da na'urar. Likita yakan ɗora bakinsa a kan farin ido, dab da inda baƙin ya ƙare, ya taka feda, na'urar ta yi ƙara na kamar daƙiƙa biyu, ya ɗaga ya matsa gaba kaɗan ya sake. Hasken kansa ba a ganinsa da ido, shi ya sa duk waɗanda ke ɗakin suka sa tabarau na musamman. Yana ratsa farin ido ba tare da ya yanka shi ba, sai ya isa ɗan naman nan mai duhu, wanda ke shanye hasken ya zama zafi. Ba yanka, ba ɗinki, ba jini.

Akwai abin da na ji da kunnena. Ana cikin yi sai na ji wani ɗan sauti, ɗas, daga cikin kaina. Likita ya ce wa mai taimaka masa ta rage ƙarfin. Daga baya ya bayyana mini cewa wannan sautin alama ce zafin ya yi yawa har naman ya fashe maimakon ya ƙone a hankali, don haka da kunne ma suke aikin, suna neman ƙarfin da ke ƙasa da wannan sautin kaɗan. Ya kuma ce bai zagaye idon duka ba. Ya tsallake gefe biyu, wajen hanci da wajen kunne, inda ƙarfe uku da ƙarfe tara suke a fuskar agogo, saboda manyan jijiyoyi ta nan suke bi, sannan ya bar wani sashe bai taɓa ba da gangan. Duka-duka aikin bai kai lokacin da muka ɓata a layin biyan kuɗi ba. Aka sa magani, aka rufe idon da auduga da filasta, aka ce mu tafi gida.

A Adaidaita Sahu muka koma, ina riƙe da fuskata duk ramin da muka faɗa. Ina ba wanda za a yi wa aikin shawara ya nemi mota, ya kuma tanadi maganin ciwo tun kafin allurar ta sake shi. Ni bayan la'asar ta sake ni, kuma daren nan ban runtsa ba. Ciwo ne mai zurfi, daga ido zuwa rabin kai har haƙora. Washegari da aka buɗe, idon ya yi jajir, fatar ta kumbura, abin da nake gani kuma ya fi na da dushewa. Gabana ya faɗi. Likita ya duba ya ce kumburin ciki ne, ana sa ransa. Ya mayar da ni kan maganin sitirod ɗin nan da ake zargi tun farko, domin babu makawa sai da shi, sai dai a sa ido a kansa. Ya ƙara da atropine, mai buɗe baƙin ido ya kwantar da ciwon, wanda ya sa hasken rana ya zama abokin gaba. Baƙin tabarau na koma sawa har cikin gida. Magungunan rage ruwa kuwa ya ce kada in daina ko ɗaya sai ya ce, domin lezar ba ta nuna cikakken aikinta sai bayan makonni.

'Yan dubiya sun zo, Allah ya saka musu, kowa da maganinsa. Wannan ya ce zuma farar saƙa, wancan ya ce man habbatus sauda, wata gwaggona ta aiko da kwalli na musamman, wani ma nonon mai shayarwa ya ce a ɗiga. Ban yi musu da kowa ba, na karɓa na yi godiya. Rubutu na sha, addu'a na shafa, zumar ma na lasa. Amma idon da aka ƙona cikinsa jiya-jiya, babu abin da zai shige shi sai wanda ya fito daga kwalbar da aka rufe a kamfani. Na ga mutane a layin asibiti da abin da ya kawo su ba ciwon farko ba ne, abin da aka zuba musu ne a kan ciwon. Wajen alwala na riƙa kewaye idon a kwanakin farko, bayan na tambayi limamin unguwarmu. Da azumi ya zo kuma, magungunan da ake ɗigawa sau biyu a rana na mayar da su lokacin sahur da bayan shan ruwa, da izinin likita. Na san malamai sun yi saɓani kan ɗigon ido da rana, amma na san mutanen da ke ajiye maganin gaba ɗaya har wata guda, su dawo bayan salla da lamba ta haura.

Ciwon ya lafa cikin mako na farko, jan ya ɗauki lokaci kafin ya washe. Lambar ta fara sauka: 26, sannan 21. Aka cire mini Diamox, yatsuna suka dawo nawa. Bayan kamar wata biyu ta tsaya tsakanin 16 da 18, aka sauke brimonidine, aka bar ni da kwalba ɗaya mai haɗe da magani biyu, safe da dare. Ganin da kumburi ya dusar ya dawo kusan inda yake kafin lezar. Wanda hawan ruwa ya cinye bai dawo ba, kamar yadda aka faɗa mini.

A zaman jiran likita na saba da wani dattijo daga Wudil da aka yi masa irin aikina sau biyu, domin na farkon ya riƙe shi 'yan watanni ne kawai lambar ta sake tashi. Ɗan naman yakan farfaɗo a wasu mutane. Don haka ban ɗauki nawa a matsayin an rufe babi ba. Mafi yawan waɗanda ke kan bencin nan ma ba irin nawa ne da su ba, nasu ya zo ne haka kawai ba tare da wani aiki ba, kuma da yawa sai da ido ɗaya ya tafi suka sani. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da hawan jinin ido, kuma ƙalilan ne a cikinsu suka san suna da shi. Bayan yanar ido, shi ne ya fi makantar da mutane a ƙasar nan. Bambancin shi ne ita yanar ido ana cire ta gani ya dawo. Ganin yayata ma tana da hawan jinin ido, likita ya ce ƙannena da manyan 'ya'yana su zo a auna su, kuma ba ƙarfin ruwan kaɗai ba, a leƙa jijiyar ma. A Kano ba wurin zuwa ne babu ba: akwai sashen ido a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, ga asibitin ido na ECWA a Sabon Gari. Biyu daga ƙannena sun je, ɗaya har yanzu yana cewa idonsa garau.

Na koma shago. Da idon dama ina gane mutum idan yana gabana, ina karanta manyan rubutu, amma wanda ya zo ta gefe sai ya yi sallama nake sanin ya iso. Shuɗi mai duhu da baƙi sukan rikice mini a cikin rumfa, don haka yaron shago ke fitar da yadi bakin ƙofa mu duba a haske kafin in yanka. Matakalar bene sai na kama ƙarfe. Tuƙin dare na bar shi. Yanzu kuma yanar ido ta fara rufe idon, abin da aka ce kusan kowa yana samu bayan an zuba masa man silikon. Likita ya ce za a cire ta, amma yana so lambar ta ƙara zama wuri ɗaya tukuna, domin aikin yanar kansa yana iya tayar da ita. An ba ni ranar komawa bayan Babbar Salla, za a sake gwajin faɗin gani, daga nan a tsayar da lokaci.